Wace Ce Ta Faɗa Rijiyar Rini?

Umbadda, Omdurman
14 ga Maris, 1995

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Kawu babanki da yaran ajinki masu sa ki ihu. Yaya ƙafar kakarmu Inna Mero, ta sake ta? An yi salla lafiya? Mu ma nan alhamdu lillahi. Malam kullum da sassafe yake tsallaka gada zuwa jami'a a Khartum, ya bar ni da zafi da littattafaina. Kwalin da na taho da shi na karance shi sau biyu, har na shiga na uku. In kin sami mai tahowa ki aiko min da sababbi, ko biyar ne, amma ban da waɗanda jarumar take mutuwa a ƙarshe.

Yanzu ki nemi wuri ki zauna. Yaya, ina jin na ga Barakatu.

Ita dai nake nufi, ƙanwar Inna, wadda Goggo Tasalla ta ɗauka riƙo tana 'yar shekara bakwai ta tafi da ita hajji a ƙasa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Kin tuna ranar da zan taho Inna ta riƙe min hannu ta ce, "Ta nan suka bi, ki riƙa duban fuskokin tsofaffi"?

Shekaranjiya na shiga Kasuwar Libiya neman yadi. A bakin tasha akwai wata tsohuwa da farantin gyaɗa. Na tsaya ina yi mata Larabcina na kame-kame, sai ta ɗago ta ce, "Ya bitti, 'yata, yi Hausarki mana, kin wahalar da ni kin wahalar da kanki." Muka yi ta dariya. Na tambayi sunanta, ta ce Hajja Baraka. Ta ce tana 'yar mitsitsiya aka taho da ita daga yamma, ita da goggonta, a ƙafa. Sun shekara tara suna tsinkar auduga a Jazira kafin su ga Makka. A hanyar komawa goggon ta rasu, ita kuma aure ya riƙe ta a nan.

Na tsuguna gabanta na ce, "Hajja, ba daga Kura ba?" Ta ce, "Kura... na'am, Kura." Na ce, "Babanku ba marini ba ne?" Ta ce, "Marini ne." Na ce, "Akwai durumi a ƙofar gidanku?" Ta ce akwai. Na ce, "Kina da yaya Mero?" Sai ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni ma na fashe da kuka a tsakiyar kasuwa, direbobi suna kallonmu.

Idanunta irin na Inna ne sak, masu ruwan zuma. Jiya na matsa wa Malam sai da ya kai ni inda koguna biyun nan suke haɗuwa, Fari da Shuɗi, na tsaya ina kallo ina cewa a raina, ga Mero ga Barakatu.

Don Allah ki gaya wa Inna a ranar da wasiƙar nan ta same ki. Ki lura da fuskarta da kyau, ki rubuto min komai.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki,
Amatullahi


Kura
9 ga Afrilu, 1995

Zuwa ga baiwata Amatu,

Wa alaikumus salam. Gaisuwarki ta iso, kowa na amsawa. Baba lafiya lau. Ƙafar Inna da sauƙi, sai dai jinin nan nata ya ƙi sauka. Likita ya hana ta gishiri, mu kuma ya hana mu kai mata labarin da zai girgiza ta, mai daɗi ko marar daɗi. A gaida Malam Sharfuddeen.

Ban gaya wa Inna ba, kuma ba zan gaya mata ba tukuna.

Lokacin kina firamare, ba lalle ki tuna ba. Wani alhaji ya zo gidan nan ya ce ya ga Barakatu a Makka, har sun ci abinci tare. Inna ta yi guɗa, ta yanka akuyarta, ta sa aka share ɗaki aka yi sabon daɓe. Ashe wata Barakatu ce 'yar Gaya. Inna ta yi wata uku a kwance, ni ce mai juya ta. Ba zan sake ganin wannan ba don kawai kin haɗu da tsohuwa mai idon zuma.

Amatu, na san ki. Tun kina ƙarama in tunkiya ta ɓata sai kin ce masoyinta ta bi. Koguna biyu, ga Mero ga Barakatu! Wannan kuma a shafi na nawa yake? Kin san yawan mutanen da suka bi hanyar nan a ƙafa suka maƙale a Sudan? Kowace unguwa a Kura tana da nata.

Ga abin da nake so. Ki tambaye ta sunan goggon. Sannan ki ɗauki rikodar Malam ki naɗo min muryarta a kaset, ta yi maganar gida yadda ta ga dama, ni da Baba mu fara saurara. Kuma ki buɗe ido. Su wane ne 'ya'yanta? Me suke tsammanin samu a wurinmu? Kuka a kasuwa bai isa shaida ba.

Littattafai babu, sai kin dawo hayyacinki.

Uwargijiyarki,
Hadizatu


Umbadda
16 ga Mayu, 1995

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Barkanku da babbar salla. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sauko da jinin. Mu lafiya, sai dogon layin burodi. Wasiƙarki ta zo an buɗe ta an sake manne ta da gam. A nan haka suke zuwa yanzu, Malam ya ce mu riƙa rubuta abin da ba ma tsoron kowa ya karanta.

Maganarki ta yi min zafi, kwana biyu ban buɗe littafi ba. Amma na yi abin da kika ce. Gidansu nan Umbadda ne, ba nisa. Na tambayi sunan goggon, ta ce Hajja Amina ake ce mata, ba ta san wata Tasalla ba. Kada ki yi saurin murna. Tasalla ai laƙabi ne, ki tambayi Inna sunan yanka.

Kaset kuwa ya kusa jawo min abin kunya. Ranar Juma'a na je da rikoda a jaka. Surukarta Awadiyya ta dafa mana gahawa mai citta, muna zaune a tsakar gida. Ina danna rikoda ke nan sai ga ɗan Hajja, Almahdi, ma'aikacin ofis ne, dogo, dariya ba ta dame shi ba. Ya zare kaset ɗin ya sa a aljihu. Ya ce da wata Hausa mai nauyi, "Wa ya aiko ki? Wata biyu kina zuwa, a ina aka haife ki, yaushe kika shigo, da wa kika shigo. Waɗannan tambayoyin na san masu yin su."

Yaya, ni ya ɗauka 'yar leƙen asiri! Ni da nake ɓata tsakanin gidana da shagon mai gawayi.

Hajja ta ce, "Ya waladi, ɗana, ƙyale ta, 'yar gidanmu ce." Ya ce, "Yumma, gidanmu nan ne."

Da Awadiyya ta rako ni ta ce in yi haƙuri. Ta ce takardarsa ta zama ɗan ƙasa, wadda suke kira jinsiyya, da ƙyar ya same ta, sai da dattawan unguwa suka tsaya masa. A zamanin nan na soja ba ya son wata murya ta riƙa yawo tana cewa asalinsu daga waje ne, yana tsoron a tono, aikinsa ya tafi. To kin ji. Ba abin da suke nema a wurinmu, gudunmu ma suke yi.

Amma wallahi ita ce. Ban sa mata magana a baki ba. Ita ta fara cewa Kura da bakinta tun kafin in ce uffan, har yanzu ina ganin leɓunanta. Ita ta kawo zancen durumi. Yanzu har rijiyar da ke bayan ɗakin Inna take kwatanta min, mai bakin dutse. Me kuma ya rage?

Taki,
Amatullahi


Kura
12 ga Yuni, 1995

Amatu,

Salam. Muna lafiya, damina ta sauka. Inna na nan yadda kika sani.

Ga wasiƙarki ta farko a gabana, da rubutunki mai kama da tafiyar kiyashi. Bari in kwafo miki: "Na tsuguna gabanta na ce, Hajja, ba daga Kura ba?" Ke kika ce Kura. Ke kika ce marini, ke kika ce durumi, ke kika ce Mero. Abin da ta zo da shi da kanta uku ne kawai: sunanta, da goggo, da tafiya a ƙafa.

Ban ce ƙarya kike ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne na san da gaske kike. In ke mai shekara ashirin da biyu kin juya abin da ya faru wata biyu baya, ina ga tsohuwa mai saba'in da abin da ya faru tana bakwai?

Rijiyar bayan ɗakin Inna kuwa, na tambayi Baba. Ya ce da wayonsa aka haƙa ta. Barakatu ba ta taɓa ganinta ba. Wa ya kwatanta wa tsohuwarki ita in ba ke ba?

Na lallaba na tambayi Inna sunan yankan Goggo Tasalla. Ba ta sani ba, masu sani duk sun riga mu. Ta ce me ya kawo zancen, na ce hira ce. Ta daɗe tana kallona. Kada ki sa ni in sake.

Baba ya ce mutumin da ya ƙwace kaset akwai abin da yake ɓoyewa. Ni ban sani ba.

Hadizatu


Umbadda
8 ga Yuli, 1995

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa, musamman Inna. Ni ma na yi kwana uku da zazzaɓi amma na warware.

Na karanta abin da kika kwafo sau ba adadi. Da farko na ce kin canza shi ne don ki ci galaba a kaina, har na rubuta miki wata wasiƙa mai zafi, na yaga. Don ni har yanzu in na rufe ido ina ganin Hajja tana cewa Kura ni kuma ina tsaye ban ce komai ba. Ina jin muryar, ina jin ƙanshin gyaɗar. Yanzu kuma an ce wannan bai faru ba. Yaya, ban taɓa jin tsoron kaina irin haka ba. Har daren bikina na fara zargi, ko rabinsa daga littafi na ɗauko.

Na nuna wa Malam wasiƙunki duka biyu. Kin san karatunsa a kan tarbiyya ne da halayyar ɗan Adam. Na zaci zai goya min baya, sai ya ce, "Hadiza ta fi wasu 'yan ajinmu fahimta." Kada kanki ya kumbura. Ya ce tunawa kamar ɗinki ce, duk sanda mutum ya tuno abu sake ɗinka shi yake yi, da ƙyallen da ya samu a hannunsa a ranar. Ya ce malaminsu ya taɓa nuna musu hoton wani mutum a bakin kogi, bayan sati ya tambaye su launin hularsa. Fiye da rabin aji suka faɗi launi, har da masu rantsuwa, alhali mutumin ba hula a kansa. Na ce, "Kai fa?" Ya ce, "Ja na ce."

Ya tambaye ni sau nawa na je gidan Hajja. Na ce tara. Ya ce me nake ba ta labari. Na ce gidanmu, ɗaki-ɗaki. Ya riƙe kai ya ce, "Kin zuba mata Kura a kunne, yanzu kina mamakin tana fitowa ta baki." Ya ce tsohuwar ba maƙaryaciya ba ce, marainiya ce da ta shekara sittin da gida marar suna a ranta, na zo na ba shi suna.

Na yi kuka na ce shi ke nan na ɓata komai. Ya ce saura hanya ɗaya. A nemi abin da ni kaina ban sani ba, a kuma tambaya da tambayar da ba amsa a cikinta.

Ga yadda muka tsara. Na daina zuwa gidan. Malam ya je ya sami Almahdi a masallacin unguwarsu, ya nuna masa katinsa na ɗalibi, suka sha shayi sau biyu. Almahdi ya yarda da rubutu, ban da murya, ban da sunan kowa a takarda. Awadiyya ce za ta yi tambayar, don ita ko sunan Kura ba ta iya faɗa daidai ba. Tambaya ɗaya ce: "Ba ni labarin wata rana guda da kuke tare da 'yar'uwarki." Ba ƙari, ba tuni, ba gyara. Ke ma ki yi wa Inna wannan tambayar, harafi da harafi, ki ce 'yan ajinki za ki ba labarin da. Ki rubuta duk abin da ta ce.

Sannan mu kai gidan waya rana ɗaya, washegarin Maulidi. Wasiƙun za su yi saɓani a hanya, ba wadda za ta ga ta 'yar'uwarta kafin ta rubuta tata. In ba su haɗu a ko'ina ba, na yi alkawari ba zan sake tayar da zancen ba.

Baiwarki, tunda haka kike so,
Amatullahi


Umbadda
Washegarin Maulidi

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum, da fatan an yi Maulidi lafiya. Na nan sai wanda ya gani, tutoci da ganguna da alawa jibgi-jibgi, amma raina ba ya wurin. Awadiyya ta kawo takardar da rubutun ajami, Malam ya mayar min da ita boko. Ban ƙara ko ɗigo ba.

"Rana guda? Ni dai, abin da nake tunawa shuɗi ne. Muna kai wa Baba fura wurin aiki, ni da yayata. Ƙwarya ɗaya ce, kowa na son ta ɗauka, don mai ɗauka ita Baba ke bar wa saura. Mun iso wurin rijiyoyin nan masu wari, muna ja-in-ja. Sai ta ture ni. Na faɗa cikin rijiyar rini, ƙwarya ta fashe. Ruwan da ɗaci, ya shiga hancina. Wani tsoho mai ido ɗaya ya ciro ni da sandar motsa rini. An cuɗe ni da toka da lemon tsami, bai fita ba. Yara suna bina suna tsokana. Baba bai daki kowa ba, shiru kawai ya yi, shirun ya fi duka. Ba a daɗe ba goggona ta tafi da ni. Khalas, shi ke nan, na gaji."

Ke nan. Awadiyya ta ce shekararta sha tara a gidan ba ta taɓa jin wannan ba, Almahdi ma haka.

Ni ban san labarin nan ba, Yaya. Ko in ce, ina jin ban san shi ba, don yanzu ba na rantsuwa a kan kaina. Ba durumi a ciki, ba sunan Mero, ba ko Kura. Na zaci za ta ba da labarin rabuwa, da kuka, da riƙe zani. Sai ga faɗa a kan fura.

Zan kai gidan waya yanzu kafin zuciyata ta sa in gyara wani abu.

Amatullahi


Kura
Washegarin Maulidi

Amatu,

Salam. Kowa lafiya. Na cika alkawari, ko da yake na san ɓata tawada ne. Na sami Inna da hantsi tana tsinke zogale, na yi mata tambayar yadda kika rubuto. Ta ce yaran zamani me za su yi da labarin tsofaffi. Na yi shiru kamar yadda aka umarce ni. Can sai ta ce:

"Akwai ranar da na zama shuɗiya. An aike mu marina da furar Baba, ni da Barakatu. Yarinya ce mai son kai, ta ce lalle ita za ta ɗauka. Ina riƙe tana ja, ta sa hannu ta hankaɗa ni cikin rijiyar rini. Ƙwaryar sabuwa ce, ta tarwatse. Badaru mai ido ɗaya ne ya ciro ni da sanda. Sati biyu ana dirza ni da toka da lemon tsami. Baba ko tari bai yi ba. Kwana arba'in tsakani Goggo Tasalla ta zo aka ba ta Barakatu. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don kada a ce ina zagin wadda ba ta nan."

Shekara talatin ina gidan nan ban taɓa jin wannan ba. Kin ga irin 'yar'uwar da ake yi wa addu'a.

Da ta gama ta ture zogalen, ta shiga ɗaki ta kwanta, ba ta sake cewa komai ba.

Hadizatu


Umbadda
3 ga Oktoba, 1995

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Kuna lafiya? Ki fara amsa min wannan kafin komai.

Taki ta iso tun ƙarshen Agusta. Na karanta a tsaye, sai da Malam ya zaunar da ni. Mai ido ɗaya, Yaya! Toka da lemon tsami! Na rubuto miki a ranar, shiru. Wannan ce ta biyu. Watan jiya ɗalibai sun fito titi a Khartum, Malam ya kwana huɗu bai tsallaka gada ba, ya ce wataƙila wasiƙu ne suka maƙale. Ni ban yarda ba.

Layinki na ƙarshe ne ya hana ni sakat. "Ta shiga ɗaki ta kwanta, ba ta sake cewa komai ba." Ba ta sake ba a ranar, ko ba ta sake ba har abada? Haka ake rubutawa in ana son a lallaɓa mutum. In tambayarmu ce ta tayar mata da jini, ki gaya min, kada ki ɓoye don ina nesa.

Ban koma gidan Hajja ba. Awadiyya ta ce kullum sai tsohuwar ta tambaya ina 'yar Kura. Me zan ce mata? Ban san ko albishir zan kai ba ko ta'aziyya.

Amatullahi


Kura
24 ga Oktoba, 1995

Baiwata Amatu,

Wa alaikumus salam. Inna na raye, yanzu haka tana tsakar gida tana faɗa da kaji. Barci na ce ta yi, ke kuma har kin haƙa kabari. Allah ya shirye ki.

Shirun laifina ne. Da taki ta washegarin Maulidi ta iso na yi sati ban nuna wa kowa ba. Na ce a raina, Amatu ta taɓa jin labarin nan tana ƙarama, ta kai wa tsohuwar, tsohuwar ta mayar da shi nata. Har Kano na je na sami mamanki, tunda 'yar Inna ce, na tambaye ta ko Inna ta taɓa faɗa mata wani abu game da marina. Ba ta sani ba. Baba bai sani ba. Na nemi dattawan marina, ɗaya ya ce ya ji an yi wani Badaru mai ido ɗaya, ya rasu tun kafin a haife shi. In mamanki ba ta sani ba, ni ban sani ba, ke a ina za ki ji? A nan dabarata ta ƙare.

Abu ɗaya ya tsaya min: kowaccensu ta ce ita ta faɗa. Baba ya ce wannan ma ya isa a gane ɗaya na ƙarya.

Duk da haka na kira malamin asibiti ya auna jininta, ya ce da dama-dama. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, Amatu ta aiko da labarin wata tsohuwa a Sudan, in karanta miki?" Ban ce Barakatu ba. Ina karantawa ina satar kallonta. Da na zo kan "sai ta ture ni," Inna ta miƙe zaune ta buga cinya.

"Ƙarya take! Ni na faɗa! Har yau ɗacin yana bakina. Tun tana ƙarama haka take, komai nawa sai ta ce nata ne. Tana ina? Tana ina, marar kunya?"

Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta kama hannuna ta matse har sai da na ji zafi, ta ce, "Hadiza, tana da rai?" Na ce tana da rai, tana sayar da gyaɗa, tana da ɗa da jikoki. Ba ta yi guɗa ba wannan karon. Kuka ta yi marar sauti, mai tsawo.

Kwana biyu ba ta tayar da zancen ba. A rana ta uku ta kira ni ta ce, "Na kwanta ina dubawa. Ina ganin shuɗin a hannu, amma ban san hannun wa ba ne. Kuma in ni aka tura, me ya sa duk shekarun nan nake jin kamar ni na kore ta daga gidan?" Na ce Inna ki bar shi, ya wuce. Ta ce bai wuce ba, in ɗauko biro.

Ga saƙonta, ki karanta wa Hajja da kanki:

"Barakatu, Mero ce. Baba ya rasu, Inna ta rasu, saura ni. Ko wace ce ta faɗa, ɗayar ce ta tura. In ke ce kika tura ni, na yafe miki tun tuni. In ni ce na tura ki, ki yafe min, don ina jin saboda haka aka raba mu."

Ki gaya wa Malam na gode. Ke kuma kin ci sa'a, ba wayo ba ne.

Yayarki,
Hadizatu


Umbadda
19 ga Nuwamba, 1995

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da jin lafiyar Inna. Ki rungume min ita ko da za ta zage ki. Mu duka lafiya.

Jiya da la'asar na je. Na tarar da Hajja tana suyar gyaɗa a yashi, ta ce, "Ya bitti, na zaci an mayar da ke ƙasarku." Almahdi yana gida. Na ce masa saƙo ne daga Kura, in ba ya so in koma da shi. Ya dubi takardar, ya dubi uwarsa, ya je ya rufe ƙofar gida ya dawo ya zauna a ƙasa.

A hanya na tambayi Malam wace ce mai gaskiya a cikinsu. Ya ce ba mai iya sani yanzu, ya karanta cewa 'yan'uwan da suka tashi tare sukan yi jayayya a kan abu ɗaya, kowa na gani da idonsa shi abin ya sama. Na ce to in Hajja ta tambaya fa? Ya ce, "Karatu aka aike ki, ba shari'a ba."

Na karanta mata labarin Inna tukuna. Da na ce Badaru, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta maimaita sunan sau uku a hankali. Sannan na karanta saƙon. Ban ƙara komai ba, Yaya, ko murya ban karya ba, kin san kuwa abin da wannan ya ci min.

Gyaɗar ta ƙone ba wanda ya kula sai Awadiyya. Almahdi ya sunkuyar da kai ya ce, "Yumma, ashe kina da yaya." Hajja ta daɗe tana share ido. Sannan ta ce in rubuta, ga shi kamar yadda ta faɗa:

"Yaya Mero, na ji. Allah ya jiƙan Baba da Inna. Ba ke kika raba mu ba, hanya ce. Na yafe miki duniya da lahira."

Na ninke takarda zan sa a jaka, ta riƙo min hannu ta ce, "Ban gama ba. Ƙara a ƙasa, da manyan baƙi yadda za ta gani: amma ni ce na faɗa."

Na ƙara. Ki auna jinin Inna kafin ki karanta mata.

Taki,
Amatullahi